Kauri daban, ƙarfi daban: yadda munka fara haɗa sabunin ruwa a Gangara

 Duk mai cin kasuwannin ƙasarmu, daga Gazawa zuwa Agye, daga Tasawa zuwa Gidan Rumji, ya lura da wata haja wadda iyayenmu ba su sani ba, wato sabunin ruwa cikin butali, wani kore, wani ja, wani shuɗi. Mai saye yakan ɗaga butalin, ya karkata shi, ya ga sabunin yana tafiya a hankali kamar zuma, sai ya ce wannan mai kyau ne, ya biya. To, a kan wannan awo na ido nake so mu yi magana cikin jaridar wannan wata. Na sa hannu cikin aikin, na ga inda kaurin yake fitowa. Kauri daban, ƙarfin wanki daban, kuma mai haɗawa da mai saye duka ya kamata su san haka.

Ni malamin yaƙi da jahilci ne a Gangara ta gundumar Gazawa, wadda take ƙarƙashin Agye kafin 2011. Yawancin masu zuwa ajina mata ne, kuma suna da ƙungiyar asusu irin ta Mata Masu Dubara, tsarin da ƙungiyar CARE ta fara a nan jihar Maraɗi cikin 1991. Kowane mako suna zubi cikin akwati, suna ba juna rance, suna rabo in shekara ta kewayo. Maganar wanke hannu kuwa ta shige mana kunne ta hanya mai ɗaci. Cutar zawo da amai ta ɓarke a ƙasar Madarunfa cikin daminar 2018. Korona ta shigo Nijar cikin watan Maris na 2020. Zawo da amai ya sake dawowa cikin 2021. Daga nan buta da sabuni sunka samu wurin zama a bakin makarantu da gidajen likita. Sabunin sanda yakan faɗi cikin yashi, akuya ta ɗauka, ko yaro ya sa aljihu. Na ruwa kuwa yana zaune cikin butalinsa, hannun kowa ba ya taɓa na wani. Matan sunka ga akwai kasuwa. Cikin sanyin farkon 2022 sunka yanke shawara su ɗebi kuɗi daga akwati su gwada. Sunka ce ni in karanta takardar awo da wata ƴar'uwarsu ta kawo daga Maraɗi, in kuma riƙe littafin lissafi.

Kuɗin nan ba na wasa ba ne. Kuɗin ƙuli-ƙuli ne da na ƙosai da na surfe, dala-dala anka tara shi. In sabunin ya lalace, ko ya ƙi shiga kasuwa, rabon ƙarshen shekara ne zai ragu, kuma akwai wadda da rabon nan take sayen ɗan akuyar kiwo.

Kafin mu fara sai da anka yi gardama. Wadda ta girme su duka, da muke kira Inna, ta tashi ta tarar da uwarta tana dafa sabunin salo. Ta ba mu labarin aikin tun daga tushe. A ƙona karan gero, a tara tokar, a zuba cikin tukunya mai huji a gindi, a bi ta da ruwa yana ɗiga. A dafa ruwan tokar nan har ya yi ƙarfi, kana a zuba man gyaɗa ko kitse, a yi ta tuƙi bisa wuta har ya kama. Ta dubi kayan da anka ajiye gabanmu, ta ce: "Malam, ina man? Ina murhun? Ni ban taɓa jin sabunin da babu mai babu wuta ba."

Inna tana da gaskiya. Sabuni na asali, ko salo ne ko na sanda irin Lavibel da muka tashi munka tarar a kanti, mai ne da ruwan toka ko soda sunka haɗu sunka zama wani abu na uku. Wani masani ɗan Faransa mai suna Chevreul shi ya bayyana yadda hakan ke faruwa, cikin littafin da ya fitar a 1823, ko da yake kakanninmu sun daɗe suna yin aikin ba su jira bayaninsa ba. Abin da ke gabanmu kuwa dangin garin wanki ne irin su Omo. A Jamus anka fara ƙera irin wannan cikin 1916, lokacin yaƙin duniya na farko, da mai da kitse sunka yi ƙaranci. Wanda munka saya sunansa Texapon N70. Fari ne, mai yauƙi da danƙo, kamar kunun da ya kwana. A masana'anta ake yinsa, daga man alayyadi ko man kwakwa tare da wani abu da ake samu daga man fetur. Wato man da wutar da Inna take tambaya an riga an gama da su can nesa. Lambar 70 kuma tana da ma'ana: cikin kowane kilo 1, giram 700 ne ke wanki, sauran kusan duka ruwa ne. Na rubuta wannan a allo, don a kansa duk lissafinmu ya tsaya.

Awon da ke cikin takarda shi ne kilo 1 na Texapon, kilo 1 na gishiri, lita 15 na ruwa, sai ɗan turare da ɗan launi. Munka aro sikeli wajen mai kanti. Munka samo babbar roba, da muciya sabuwa wadda ba ta taɓa shiga tuwo ba, da butali na lita 1 da rabi don awon ruwa. Cikinsa 10 ya ba mu lita 15. Ruwan fanfo munka ɗebo, munka bar shi ya kwanta, don ruwa mai laka yana dusashe sabuni kuma yana sa shi saurin wari. Gishirin anka daka shi ya yi laushi, anka tankaɗe.

Ga yadda aikin ya tafi. An juye Texapon cikin roba, an zuba masa rabin gishirin, an shiga tuƙi babu ruwa ko ɗigo. Nan ne wahalar take, don abin yana kama muciya kamar tuwon dawa. Mata uku sunka karɓi juna kafin ya saki jiki, ya yi fari fat kamar kindirmo. Dalilin fara shi da gishiri shi ne, in ruwa ya same shi kai tsaye, sai ya dunƙule ya yi gudaji masu taurin kai waɗanda ba su narkewa da wuri. Sauran gishirin anka narkar da shi cikin ruwa. Kana anka riƙa zuba ruwan kaɗan-kaɗan, kofi bayan kofi, ana juyawa gefe guda a hankali don kada kumfa ta yi yawa. Da ruwan ya ƙare sai anka ɗiga launi da turare, anka rufe robar da zane, anka kai ta ɗakin da yara ba su shiga. Ran nan kumfa ce kawai ake gani, babu mai iya cewa ya yi ko bai yi ba. Da safe kumfar ta kwanta. Shugabar ƙungiya ta tsoma ludayi ta ɗaga, sabuni kore shar ya zubo yana jan zare. Anka yi guɗa.

Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne gishirin nan. Gishiri ba ya wanke tufa, ba ya cire maiƙo. Me ya kawo kilo guda cikin sabuni? Da ma na keɓe ɗan Texapon kaɗan tun jiya don gwaji. Na narkar da shi cikin ruwa babu gishiri, na raba kofi uku a gaban aji. Kofi na farko na bar shi haka nan: tsararo ne kamar ruwan sha. Na biyu na riƙa sa masa gishiri da ɗan cokali ina juyawa, sai ga shi ya yi kauri kamar na cikin roba. Na uku na sa masa gishiri har ya yi kauri, kana na ci gaba da ƙarawa. Sai ya yi hazo, ya tsinke, ya koma ruwa. Munka kawo kwanoni uku da anka shafa wa man gyaɗa, munka wanke kowane da cokali guda daga kofinsa. Na tsararon ya fita tas, daidai da na mai kaurin. Gani ya kori ji.

Ga bayanin abin. Ƙwayoyin sabuni ƙanana ne ƙwarai, ido ba ya ganinsu, kuma kowace tana da kai biyu. Kai guda yana son mai, ɗayan yana son ruwa. Mai da ruwa ba su ga maciji da juna, sai sabuni ya shiga tsakani kamar dillali: ya kama maiƙo da datti da hannu guda, ya kama ruwa da ɗayan, in an ɗauraye su tafi tare. Yawan waɗannan ƙwayoyi shi ne ƙarfin sabuni. Gishiri kuwa aikinsa ya sa su jeru su yi dogayen zaruruwa masu sarƙewa da juna, shi ne kaurin da muke gani. In ya wuce kima sai sarƙar ta lalace. Saboda haka kauri yana da amfaninsa, don yana hana sabuni zubewa da yawa a tafin hannu, amma ba ya ƙara wanki ko kaɗan. Masu bincike a Dakka ta ƙasar Bangaladash sun nuna cikin 2014 cewa giram 30 na garin wanki cikin lita 1 da rabi na ruwa yana tsabtace hannu kamar sabunin sanda, alhali tsararo ne.

Wannan gwaji shi ya buɗe gardama ta biyu, wadda ta fi ta farko zafi. Wata daga cikin matasan matan, mai kaifin lissafi, ta ce: "To Malam, tun da gishiri ke kawo kauri, kuma kauri mutane ke saye, me zai hana mu kai ruwan lita 25, mu daidaita gishirin? Gishiri da ruwa ai ba su da tsada." Wasu sunka ce haka ne, kuma sun ji ana yi. Ba don mugunta ta faɗa ba. Tana duban akwatinsu ne.

Munka koma allo. Giram 700 masu wanki in an raba su cikin lita 15, kowace lita ta samu kusan giram 47. In an raba su cikin lita 25, kowace lita giram 28 ke nan. Butalin yana nan yadda yake, launi yana nan, ƙamshi yana nan, amma kashi 2 cikin 5 na ƙarfin ya tafi. Matar da ta saya za ta zuba kusan ninki biyu kafin tukunyarta ta fita. Ba za ta san dalili ba, amma za ta san butalin wa ya ƙare mata da wuri. Inna ta ce wannan ba shi da bambanci da zuba ruwa cikin nono, kuma kowa ya san mai nonon da ke yin haka, kasuwa uku take ci a gane ta. Ma'ajiyar ƙungiya ta ƙara da cewa su ba baƙi suke sayar wa ba. Masu sayen kishiyoyinsu ne da surukansu da malaman makarantar ƴaƴansu. Wanda zai sayar ya hau mota ya tafi yana iya algus. Wanda zai kwana cikin gari ba ya iyawa. Anka tsaya a kan lita 15, anka rubuta cikin littafi, kowa ta sa hannu ko ta dangwala yatsa.

Batun riba kuma sai an yi shi da alƙalami, don kuɗin Texapon yana hawa yana sauka. Mu ɗauki misali don a gane hanyar. A ce Texapon da gishiri da turare da launi da butulla da kuɗin mota sun tashi jika 3, wato dala 600. Lita 15 tana cika butali 30 na rabin lita. Kowane butali ya ci dala 20 ke nan. In an sayar dala 30, ribar duka dala 300 ce, jika da rabi. Amma wadda ta manta kuɗin mota, ko ta kyautar da butali biyar, ko ta ba da bashi ba ta rubuta ba, za ta ga ciniki yana tafiya alhali uwar kuɗi tana narkewa. Kowa ya sa farashin garinsu cikin wannan lissafi kafin ya taɓa akwati.

Yanzu ga maganar da ta fi riba nauyi, wato lafiyar yara. Sabunin ruwa ja cikin butalin lemo, a idon yaro ɗan shekara uku, zoɓo ne. Shi ya sa munka guji ja da ruwan lemo, munka zaɓi kore mai duhu. Munka ɓare tsohuwar takardar kowane butali, munka liƙa tamu mai rubutun "SABUNI, BA A SHA" da boko da ajami, da ranar da anka haɗa. Matan aji da kansu sunka rubuta. Butalin da ya taɓa ɗaukar maganin ƙwari na gona kuwa ba a sa shi cikin wannan aiki, kome wankin da anka yi masa. Kuma tun da ba mu sa maganin hana lalacewa ba, kaɗan muke haɗawa, wanda zai ƙare cikin ƴan makonni. In ya canza wari ko ya rabu biyu, a zubar.

Akwai wani haɗin da ya fi namu yawan kaya, wanda ake koyarwa a birane, musamman a Najeriya, mai soda da wani ruwan asid mai kama da zuma baƙa. Wanda zai yi shi ya san soda ba abokiyar wasa ba ce. Tana cin fata, tana makantar da ido. Ita ake zubawa cikin ruwa a hankali, ba a zuba mata ruwa bisa kai, don tana zafi tana fantsama. Ba a jiƙa ta cikin tukunyar alminiyom, don tana cin ƙarfen. A sa safar hannu ta roba, a yi aikin a fili. Ruwan soda da anka jiƙa fari ne kamar ruwan sha, kuma yaron da ya kurɓe shi maƙogwaronsa yana ƙonewa, ya warke a tsuke, har abinci ya kasa wucewa. In haka ta faru, Allah ya kiyaye, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja ko tsami. A kai shi likita nan take, a tafi da abin da ya sha. In ta taɓa ido ko fata, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta minti 15 ko fiye, kana a tafi likita. Wasu kuma suna ɗiga formol don sabuni ya daɗe. Wannan shi ne maganin da ake adana gawa da shi, kuma masana lafiya sun tabbatar yana cikin abubuwan da ke kawo ciwon daji. Ba shi da wuri cikin abin da yaro zai wanke hannu da shi kafin ya ci tuwo.

Abu na ƙarshe da na lura da shi: cikin sabunin nan, ruwa da ƙarfin hannu kawai ne namu. Texapon daga waje yake zuwa, ya bi ta hannun ƴan kasuwa da yawa kafin ya iso Maraɗi. Mu da ke zaune kusa da iyaka mun san abin da rufe ta ke yi wa farashi. Najeriya ta rufe iyakarta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, an sake rufewa daga Agusta 2023 zuwa Maris 2024. Karan gero da man gyaɗa kuwa ba su ƙetare iyaka kafin su zo gidanmu. Saboda haka ƙungiyar ta roƙi Inna ta koya wa matasa dafa salo, ni kuma ina zaune gefe ina auna tokarta da manta da sikeli ina rubutawa, don abin da take aunawa da ido ya zauna cikin littafi. Da tsohuwar zuma ake magani. Na ruwa yana da wurinsa a bakin aji da wajen wanke-wanke, salo yana da nasa wajen wanka.

To ƴan'uwa, ga shawarata. Mai haɗawa ta riƙe awo guda, ta rubuta shi, kada ta bar araha ta ruwa ta ruɗe ta. Mai saye kuma ya daina karkata butali yana kallon kauri. Ya ɗiga kaɗan a kwano mai maiƙo, ya cuɗa, ya ɗauraye, ya shafa yatsa ya ji. In kwanon ya yi ƙara ƙarƙashin yatsa, sabuni ne. In santsin mai yana nan, ruwan gishiri mai launi ya saya. Kuma kowane iri ne a gidanka, a yi amfani da shi a lokutan da sunka fi muhimmanci: bayan fitowa daga bayan gida, bayan wanke wa yaro kashi, kafin girki, kafin cin abinci, kafin ba jariri nono. Rigakafi ya fi magani.

Ƙungiyoyin da sunka riga mu cikin wannan sana'a, a ƙasar Agye ko Gidan Rumji ko wani wuri, su rubuto wa jarida awon da suke bi da abin da sunka gani, mu ƙaru da juna. Allah ya ba mu lafiya da damina mai albarka. Wassalam.